Alminiyam: Halayensa, ire-irensa da abin lura kafin a bayar da aikin ƙira

Alminiyam, wanda kuma ake kira goran ruwa ko sanholo, farin ƙarfe ne mai sheƙi irin na azurfa, marar nauyi, wanda ba ya yin jar tsatsa. Da shi ake yin kwanon rufi da tagogi da ƙofofin gilashi da tukwane da gwangwanayen lemo da manyan wayoyin lantarki da jikin jiragen sama. In an cire baƙin ƙarfe, babu ƙarfen da duniya ke amfani da shi da yawa kamarsa.

A kasuwannin Arewa an fi ce masa dalma, shi ya sa ake cewa tukunyar dalma. Amma dalma ta ainihi wani ƙarfe ne daban, wanda ake samu a cikin batirin mota. Ta ninka alminiyam nauyi fiye da sau 4, kuma guba ce ga jikin ɗan Adam. Haka kuma alminiyam ɗin kansa iri-iri ne: wanda ya dace da tukunya daban, na taga daban, na tankin mota daban. Yawancin asarar da ake yi a aikin alminiyam daga rashin sanin waɗannan bambance-bambance take tasowa.

Asalinsa da yadda ake samar da shi

Alminiyam ne ƙarfen da ya fi kowane yawa a ɓawon ƙasa, inda ya kai kimanin kashi 8 cikin 100 na nauyinsa. Duk da haka ba a tsintarsa tsagwaronsa kamar yadda ake tsintar zinare, domin a kullum yana manne da iskar oksijin da wasu sinadarai. Ana ciro shi ne daga wata jar ƙasa da ake kira boksayit, wadda ta samo sunanta daga ƙauyen Les Baux na kudancin Faransa, inda aka fara gano ta a 1821.

Masanin kimiyya ɗan ƙasar Denmak, Hans Christian Oersted, shi ne ya fara ware ɗan ƙanƙanin alminiyam a 1825. Shekaru da dama bayan nan ƙarfen ya kasance kayan ƙawa na sarakuna da attajirai saboda wahalar samunsa. A 1884, da Amurkawa suka kammala hasumiyar tunawa da George Washington, wani ɗan curin alminiyam mai nauyin kusan kilo 3 suka ɗora a ƙololuwarta, a lokacin da farashinsa ke gogayya da na azurfa.

Al'amarin ya sauya a 1886, lokacin da wasu matasa biyu, Charles Martin Hall a Amurka da Paul Héroult a Faransa, kowa a nasa ɓangaren, suka gano hanyar raba ƙarfen da oksijin ta amfani da wutar lantarki. Jim kaɗan bayan haka Carl Josef Bayer ya fito da hanyar tace boksayit ta zama farin gari da ake kira alumina. Har gobe da waɗannan hanyoyi biyu ake aiki. Ana buƙatar tan 4 zuwa 5 na boksayit a samu tan 2 na alumina, daga nan a samu tan 1 na alminiyam.

Tsadar aikin tana wajen wuta. Narkar da tan 1 na cin kimanin yunit 14,000 na lantarki, wato abin da gidan da ke shan yunit 200 a wata zai sha a kusan shekara 6. Wannan ne ya sa ake kafa masana'antun narkar da shi kusa da madatsun ruwa ko rijiyoyin iskar gas. Sake narkar da tsohon alminiyam kuwa ba ya cin fiye da kimanin kashi 5 cikin 100 na wannan wuta, kuma ana iya maimaitawa sau da yawa. Dalilin ke nan da 'yan gwangwan ke sayensa da daraja fiye da baƙin ƙarfe.

A 2023 duniya ta samar da kimanin tan miliyan 70 na sabon alminiyam, fiye da rabi daga ƙasar Sin. Ƙasar Gini Konakiri ce ke da ajiyar boksayit mafi yawa a duniya.

Halayensa

Na farko shi ne rashin nauyi. Alminiyam na da kusan kashi ɗaya bisa uku na nauyin baƙin ƙarfe mai girma ɗaya da shi. Shimfiɗaɗɗen falle mai faɗin murabba'in mita 1 da kaurin milimita 0.55 yana da nauyin kusan kilo 1.5, alhali na baƙin ƙarfe mai wannan kauri ya haura kilo 4.

Na biyu, yana kare kansa. Da zarar iska ta taɓa shi sai wata siririyar fata da ido ba ya gani ta rufe shi, ta hana iska da ruwa kai wa ga cikinsa. Idan aka karce wurin, nan take wata ta sake fitowa. Tsatsar baƙin ƙarfe kuwa ɓarewa take yi tana buɗe sabon wuri, har sai ta cinye ƙarfen.

Na uku, yana narkewa da wuri, a digiri 660 na ma'aunin Salsiyas, yayin da jan ƙarfe ke buƙatar digiri 1,085, baƙin ƙarfe kuma fiye da 1,500. Wutar gawayi da zugazugi ta isa ta narkar da shi. Wannan sauƙi ne ga maƙeri, amma yana nufin cewa a lokacin gobara alminiyam yakan yi laushi ya saki tun kafin baƙin ƙarfe ya nuna alama.

Na huɗu, zafi da lantarki na ratsa shi da sauri. Tukunyarsa na ɗaukar zafi nan da nan ta kuma watsa shi ko'ina. A wajen lantarki, yana ɗaukar kimanin kashi 61 cikin 100 na abin da jan ƙarfe mai kauri ɗaya da shi ke ɗauka. Sai an ƙara wa wayarsa kauri kafin ta yi aikin ta jan ƙarfe, amma ko da an ƙara, nauyinta bai wuce rabi ba. Shi ya sa manyan wayoyin da ke ratsa dazuzzuka daga Kainji da Shiroro na alminiyam ne, galibi da zaren baƙin ƙarfe a tsakiya don ƙarin ƙarfi.

Na biyar, yana da saurin lanƙwasa. Idan aka ɗora kaya iri ɗaya a kan sanduna biyu masu girma ɗaya, ta alminiyam za ta ranƙwafa ninki 3 na ta baƙin ƙarfe. Masu zanen gini kan magance wannan ta ƙara kauri ko sauya siffar sandar.

Na shida, yana miƙewa da zafi ya tsuke da sanyi, kusan ninki 2 na baƙin ƙarfe. Kwanon rufi mai tsawon mita 6 zai ƙaru da kusan milimita 4 idan zafinsa ya tashi da digiri 30, abin da ba baƙo ba ne tsakanin asubahi da azahar a ƙasar Hausa. Ƙarar da rufi ke yi da rana daga nan take, kuma ramin ƙusar da aka matse ba tare da barin sarari ba yakan buɗe a hankali har ya fara yoyo.

Na ƙarshe, maganaɗisu ba ya kama shi.

Gami da lambobinsa

Tsagwaron alminiyam yana da laushi ƙwarai, don haka ake gauraya shi da wasu ƙarafa kaɗan. Bajamushe Alfred Wilm ne ya gano a 1906 cewa alminiyam da aka haɗa da jan ƙarfe, aka gasa, aka tsoma a ruwa, yana ci gaba da ƙara tauri da kansa har tsawon kwanaki. Wannan ya buɗe ƙofar ƙera jiragen sama da shi.

A yau ana bambanta ire-iren gamin da lambobi huɗu, kuma lambar farko ce ke faɗin abin da aka zuba. Rukunin 1000 kusan tsagwaro ne, kashi 99 cikin 100 ko fiye, ana yin wayar lantarki da takardar naɗe abinci da shi. Rukunin 2000 na da jan ƙarfe, rukunin 7000 na da tutiya. Su ne suka fi ƙarfi, kuma jiragen sama ke cinye mafi yawansu, sai dai galibinsu ba sa karɓar walda. Rukunin 3000 na da manganis, shi ne na kwanon rufi da tukwanen kamfani da gwangwanin lemo. Rukunin 4000 na da silikon, ana yin sandar walda da shi. Rukunin 5000 na da magniziyam, yana jure ruwan gishiri, don haka ake ƙera jiragen ruwa da tankuna da shi. Rukunin 6000 ya haɗa magniziyam da silikon: lamba 6063 ita ce ta tagogi da ƙofofi, 6061 kuma ta aikin da zai ɗauki nauyi, kamar tsani da firam ɗin girka farantan sola.

Bayan lambar akan ga harafi da wata lamba, kamar T5 ko T6 ko H14, masu nuna yadda aka taurara ƙarfen. Sanda mai lamba 6061 da aka gasa zuwa T6 ta ninka wadda ba a gasa ba ƙarfi fiye da sau 2, ko da yake a ido ba su da bambanci.

Hanyoyin sarrafa shi

Zubi ita ce hanyar da ta fi daɗewa a hannun masu sana'a. A al'adar Hausa akwai maƙeran baƙi masu aikin baƙin ƙarfe da maƙeran fari masu aikin azurfa da tagulla, kuma zubin alminiyam ya fi kusa da aikin na biyun. Maƙeri kan danna samfurin tukunya a cikin yashi mai ɗan danshi da laka da aka cusa a akwati mai gida biyu, ya cire samfurin, ya mayar da akwatin ya rufe, sannan ya kwarara narkakken ƙarfe ta wata kafa. Cikin mintuna kaɗan ya daskare, a fasa yashin, a goge da zarto. Haka ake yin tukwane da ludaya da kasko da tandar masa a wurare irin su Panteka a Kaduna da kasuwar Katako a Yamai. Fistin da kan injin mota sun fi daɗin zubi, domin silikon ɗin da ke cikinsu na sa ƙarfen ya gudana ya cika kowane lungu. Babban haɗarin aikin shi ne ruwa: jiƙaƙƙen gwangwani da aka jefa cikin narkakken ƙarfe na iya yin bindiga ya watsa wa mutane wuta.

Hanya ta biyu ita ce ta masana'anta, inda ake gasa curin alminiyam zuwa digiri 450 ko 500 a tura shi da ƙarfi ta cikin wata kafa mai siffar da ake so, ya fito a miƙe kamar yadda taliya ke fitowa daga inji. Da haka ake samun dogayen sandunan taga masu kwararo da ramuka. Mai haɗa taga ko kantar gilashi sayo su yake yi, ya yanka, ya haɗa kusurwoyi da noti ko rifit, ya sa gilashi da roba. Ingancin aikinsa ya rataya ne a kan kaurin sandar da daidaiton yankan kusurwa.

Ta uku ita ce aikin falle: yanka da lanƙwasa da murɗawa, kamar kwanon rufi da indararo da akwatunan kaya. Fallen da aka taurara sosai yakan tsage idan aka lanƙwasa shi da kaifin kusurwa, kuma duk wurin da aka lanƙwasa aka miƙe sau biyu ko uku ya riga ya raunana.

Walda ce ta fi wuya. Fatar nan da ke kare alminiyam ba ta narkewa sai zafi ya haura digiri 2,000, alhali ƙarfen da ke ƙarƙashinta ya narke tun a 660. Ga shi kuma ba ya yin ja kafin ya narke, don haka wanda ya saba da baƙin ƙarfe sai dai ya ga wuri ya burme. Aikin na buƙatar injin walda mai amfani da iskar agon, da sandar da ta dace, galibi 4043 ko 5356, da goge wurin da burushin da ba a taɓa sa wa baƙin ƙarfe ba. Ko an yi waldar daidai, zafinta na warware taurin da gashi ya bai wa rukunin 6000, har ƙarfin gefen waldar ya ragu da kashi ɗaya bisa uku ko fiye. Saboda haka a aikin da zai ɗauki nauyi akan fifita noti da rifit, ko a ƙara kauri a mahaɗa.

A ƙarshe akan yi wa aikin ado ta ɗayan hanyoyi biyu: ko a ƙara wa fatar kauri da lantarki a cikin ruwan asid, a rina ta baƙa ko ruwan tagulla, ko a fesa garin fenti a gasa shi a kimanin digiri 200. Fentin gwangwani da aka shafa kai tsaye ba ya daɗewa kafin ya ɓare.

Abubuwan da ke cin sa

Rashin jar tsatsa ba ya nufin alminiyam ba ya lalacewa. Ɗanyen siminti da farar ƙasa da soda da toka da kanwa duk suna cinye fatarsa. Tagar da aka kafa kafin filasta, ba a rufe ta da leda ba, takan fito da tabon da ba ya goguwa.

Haka kuma idan ya haɗu da wani ƙarfe a wuri mai danshi, musamman jan ƙarfe, shi ne ke narkewa a hankali ya zama farin gari. Ƙusar baƙin ƙarfe marar rufi a kan kwanon alminiyam takan bar rami a kewayenta bayan 'yan damuna. Maganin shi ne ƙusar da aka yi domin aikin, mai wasar roba.

A wayar gida matsalar ta fi muni. Mahaɗar alminiyam da jan ƙarfe takan saki, ta yi zafi, ta haddasa gobara, sai dai in an yi amfani da mahaɗi na musamman. Akwai kuma wayar alminiyam da aka yi wa rufin jan ƙarfe a waje. Idan aka kankare bakinta za a ga fari a ciki.

Tukwane da lafiya

Ɗan alminiyam da ke shiga abinci daga tukunya mai kyau ba shi da yawa, kuma ƙoda na fitar da mafi yawansa, sai dai masu ciwon ƙoda na buƙatar kulawa. Abinci mai tsami, kamar tumatir da tsamiya da zoɓo, da wanda aka sa wa kanwa, sun fi jan ƙarfen daga jikin tukunya, don haka bai dace su kwana a ciki ba.

Abin da ya fi damun masana lafiya shi ne dalma ta ainihi. Tarkacen da ake narkarwa a yi tukunya na iya haɗawa da tsohon lagireto da sassan inji da na lantarki masu ɗauke da ita. Wani bincike da aka wallafa a 2014 kan tukwanen zubi da aka sayo a kasuwannin Kamaru ya nuna cewa suna sakin dalma idan aka tafasa ruwa mai tsami a cikinsu, kuma wani da ya biyo baya a 2017 ya samu irin haka a wasu tukwanen daga ƙasashe 10. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da aka san ba ya cutarwa, kuma ƙwaƙwalwar yara ta fi saurin illata. Najeriya ta ga aikin wannan guba a Zamfara a 2010, inda ƙurar haƙar zinare mai ɗauke da ita ta kashe yara kimanin 400. Rigakafin yana hannun maƙeri, ta hanyar tantance tarkace kafin narkarwa da ware na tukunya daga na sauran kaya.

Matsayin Najeriya

Najeriya ta gina masana'antar narkar da alminiyam ta ALSCON a Ikot Abasi da ke Jihar Akwa Ibom, wadda aka tsara za ta samar da tan 193,000 a shekara. Ta fara aiki a 1997, ta tsaya a 1999. A 2007 kamfanin Rusal na Rasha ya karɓe ta, amma a 2012 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin da ya goyi bayan kamfanin BFI na Amurka a taƙaddamar sayar da ita, kuma a 2013 aiki ya sake tsayawa, ga kuma matsalar iskar gas. A maƙwabta, Kamaru na da masana'anta a Edea tun 1957, Ghana kuma na da VALCO a Tema tun 1967, wadda ta dogara da wutar madatsar Akosombo.

Sakamakon haka, masana'antun cikin gida na dogaro ne da abin da aka shigo da shi daga waje da kuma tarkacen da aka sake narkarwa. Shi ya sa farashin kwano da sandar taga a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Dei-Dei ta Abuja ke bin farashin dala.

Kafin a bayar da aiki

Mai gini ko ɗan kasuwa ko jami'in sayen kaya na iya kauce wa asara da 'yan matakai. A gwada kwano da maganaɗisu: idan ya kama, baƙin ƙarfe ne da aka yi wa rufin alminiyam da tutiya, wanda ake kira aluzink. Shi ma kaya ne mai amfaninsa, amma kama da wane ba ta wane, kuma farashinsu ba ɗaya ba ne.

A rubuta kauri a takardar yarjejeniya da milimita, 0.45 ko 0.55 ko 0.7, a kuma auna da ma'aunin kauri ranar da aka kawo kaya, tare da tuna cewa fenti na ƙara wa awon kaɗan. Tsakanin 0.45 da 0.55 akwai bambancin kusan kashi ɗaya bisa biyar na ƙarfen da aka biya kuɗinsa. A babban aiki, a nemi lambar gami da ta tauri a rubuce.

Kada a dogara da alminiyam wajen tsaron taga ko ƙofar shago, domin zarto na yanka shi cikin sauƙi. Wannan aikin baƙin ƙarfe ne. Masu lulluɓe fuskar benaye da fallayen ado kuma su tambayi abin da ke tsakiyar fallen. Yawancinsu siraran alminiyam biyu ne da roba a tsakani, kuma irin mai roba zalla ne ya yaɗa gobarar benen Grenfell a Landan a watan Yunin 2017, wadda ta ci rayuka 72. Akwai irin da aka cakuɗa tsakiyarsa da ma'adinai masu hana wuta, kuma shi ya kamata a nema ga kowane gini mai hawa da jama'a ke taruwa a cikinsa.